Kwalar da Na Yanke

Shekara talatin da ɗaya ina taka keken ɗinki a Hayin Banki. Kaftani, jamfa, 'yar shara, kai har babbar riga, kawo min yadi da safe ka dawo da la'asar. Amma kwat? Wallahi ban taɓa farke ta ba sai ranar da 'yata Aminatu ta ajiye min ita a kan tebur.

Ta gama karatun lauya, an kira ta ganawar ɗaukar aiki a wani ofishi, Litinin ƙarfe goma, kuma an ce sai da baƙar kwat. Ta samo ta gwanjo a Babbar Kasuwa, ta yi mata yawa.

"Baba, rage min kawai za ka yi," in ji ta.

Na ce, "Kawai? Je ki abinki, uwata."

Na rage hannu, na matse gefe, tsaf. Sai idona ya tsaya kan wasu kunnuwa biyu da aka lanƙwasa baya daga kwala zuwa ƙirji. Ga tsaga a kowanne kamar ɓera ya gutsura, ga ramin maɓalli a ɗaya, babu maɓallin. Na ce kai, wane malalacin tela ne wannan? Ya bar rarar yadi tana reto, ya bar wa 'yar mutane ƙirji a buɗe! Na ɗauki almakashi na datse su, na zagaye wuyan irin na jamfa, na dasa maɓallai huɗu har maƙogwaro. Har daɗi na ji, Allah ya sani.

Litinin ƙarfe takwas ta shigo shago da takardunta. Na ɗaga mata kwat ina murmushi. Ta tsaya ƙyam.

"Baba... ina kwalar?"

"Wannan rarar? Na gyara miki."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Wayarta ta miƙo min, hoton 'yan ajinsu: kowa da kunnuwan nan a ƙirji, maza da mata. Ashe haka ake yin ta. Ashe su ne kwat ɗin.

Na durƙusa ina tonon tsummokara a ƙarƙashin keke har na zaƙulo su. Na kara, na juya, na sake karawa. Ina! Ba haɗi ba ne, jikin rigar ne aka lanƙwasa, ni kuma na riga na cinye bakin da ɗinki. Zare ma ya ƙi shiga allura. Tara saura kwata.

"Bar shi, Baba," ta ce a hankali. Ta karɓa ta saka, ta ɓalla maɓallan duka. Ta yi mata cif, abin takaici, kamar ɗan sandan zamanin da. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Muna fitowa neman Keke Napep sai ga Safara'u mai waina, maƙwabciyarmu, ta leƙo.

"A'a, lauya! Wace irin kwat ce wannan? Babanki ne ya ɗinka?"

Na buɗe baki, Aminatu ta riga ni.

"A'a, Inna. Haka na saye ta a kasuwa."