Tayoyin Motar Baba Hamisu

Baba ya rasu ya bar motar a kan benci a zaurenmu na Ƙofar Kuyambana. 'Yar mota ce ta itace mai tsawon kamu ɗaya, kwatankwacin babbar motar bodin katako da amininsa Baba Hamisu ya tuƙa shekara talatin. Ya gama komai, har tsanin baya, sai tayoyi shida. Baba Hamisu idonsa ya tafi, kuma ran Juma'a 'yarsa za ta zo ta tafi da shi Kaduna gaba ɗaya. Na yi masa alkawarin zai riƙe motarsa kafin ya bar birni.

Ni da Baba mun sha gardama a kan aikin nan. Taya ɗaya sai ta ci masa yini. Na dawo daga jami'a na ce masa wannan ɓata lokaci ne, ana da injin da zai fitar da ashirin kafin shayi ya huce. Abin da ya hana mu gaba ke nan a garin nan: kowa ya zauna inda ya tarar da kakansa, ka kawo gyara a ce ba ka da ladabi. Murmushi kawai yake yi, ya ci gaba da jan zarto.

Na sayi sabon itace ran Asabar, na kai wa masu inji a Tudun Wada. Tayoyi suka fito sumul, awo ɗaya. Na ɗaura su. Ran Talata na shiga zaure na tarar huɗu sun tsage daga tsakiya zuwa baki.

Inna Kulu, mahaifiyata, ta ɗauki ɗaya ta shinshina.

"Injiniya, ai ɗanye ne."

"Sun ce min ya bushe."

"Sun ce maka. Kai kuma da digirinka ka yarda." Ta ajiye. "Ka taɓa tambayar mahaifinka inda yake samo nasa?"

Ban taɓa ba. Shekara shida ina faɗa masa abin da ya kamata ya yi, ban taɓa tambayarsa komai ba.

"Taɓarya ce," ta ce. "Tsohuwa, wadda ta karye. Lungu-lungu yake aikawa a tambayo masa. Ta riga ta zama da'ira, ta sha daka shekaru, duk tsagewar da za ta yi ta gama. Yanka ta kawai yake yi kamar albasa."

Yini guda na zaga har Tukur-Tukur. Ko'ina amsa ɗaya: yanzu inji ake kai niƙa, tsofaffin an yi makamashi da su. Na tsaya a bakin ganuwa ina jin haushin mutane, sai na tuna ni ne na fi kowa yi wa matan gidanmu wa'azin a daina daka.

Da na dawo, Inna ta jingina taɓaryarta a jikin bencin. Da ita ta zo gidan nan tana amarya. Tsakiyarta ta yi santsi daidai wurin hannunta.

"Inna, wannan ai ba ta karye ba."

"Ni na karye. Kafaɗar nan ba ta ɗaga ta. Yanka daga ƙasa, kada ka yi sauri."

Na ɗauki zarton Baba. Ƙotarsa ta lotsa inda babban yatsansa ke zama, nawa bai cika wurin ba. Itacen ya yi tauri, yana ƙamshin gero. Taya ta farko ta ci min rabin yini, kuma ta fito a ɗan karkace.

Ran Juma'a da safe na ɗora motar a cinyar Baba Hamisu. Ya bi ta da yatsu, ya juya tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya kai hanci.

"Ashe babanka Ɗahiru ya gama kafin ya tafi?"

"A'a Baba, ni na yi."

"Shi ya sa ta gaban nan take rawa," ya ce, ya rungume ta. "Shi ya koya maka?"

Na ce a'a. Na ce ina ma a ce ya koya min.