Gyale Ruwan Ɗorawa

"To, wane launi ne gyalen nata?" na tambaye shi.

Timoti ya ajiye kofin shayinsa a kan benci, ya laluba da yatsa ya tabbatar ya zauna daidai, sannan ya ɗaga fuska wajen ganyen mangwaron da ke inuwantar da mu.

"Ruwan ɗorawa," ya ce. "Ruwan ɗorawa mai haske. Rana ya kusa faɗi, ya bugi ruwa, ruwa kuma ya bugi fuskan matar. Malam, wanda ya riƙe kyamara a wurin nan ya san aikinsa."

Maishanu tela ya ɗauke ƙafa daga kan kekensa. Manga, tsohon direban babbar mota, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ni kaɗai na yi murmushi, kuma murmushin nan ne har yau ban gama tuba daga gare shi ba.

Mu huɗu ne a majalisar, kullum bayan la'asar, a ƙofar shagon Maishanu da ke unguwar Turaki. Wasu tsofaffin siyasa ce hirarsu, mu kuwa fim. Ba mu riƙe sunan fim. Mukan ce na mai gashin baki, ko na matar da ta haukace, kowa ya gane. Ni Abdulmuttalib, na yi shekara talatin da ɗaya ina koyarwa, na yi ritaya ina shugaban makaranta, na saba in faɗi magana a rubuta ta. Timoti kuwa maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Shi ne ya yi aikin haska fim a tsohon silima na garin nan, wanda yanzu siminti ake ajiyewa a ciki, don haka Afareta muke kiran sa. Idan na ce fim ya yi kyau saboda darasin da ke cikinsa, sai ya ce darasi na coci ne da masallaci, shi haske yake kallo. Shekara ashirin muna musu, ban tuna ranar da na kayar da shi ba. Mako guda kafin wannan rana ya ce, a gaban kowa, wai ni ina kallon fim kamar mai duba takardun jarrabawa. Aka yi dariya, na taya su, na kuma ajiye abin a zuciya.

Fim ɗin da muke magana a kansa shi ne na mai kwale-kwale: mutum ya tafi su, ya bar amaryarsa, shekaru suka yi ta wucewa tana zuwa bakin kogi. Dukanmu a shago ɗaya aka tura mana shi a filashi, ɗan abin ajiyar fim da ake sokawa a talabijin, kuma kwafin da lahani. Daidai inda matar ta sauka bakin ruwa karo na ƙarshe, hoton ya ɗauke, allo ya yi baƙi ƙirin har kusan minti goma, sauti kaɗai ke tafiya: ƙarar ruwa, sarewa, da numfashinta. Muna cikin ƙorafin wannan ne Timoti ya iso a makare, ya zauna, ya ce duk fim ɗin babu wurin da ya kai bakin kogin nan kyau.

"Afareta," na ce, na kuma ja maganar a hankali yadda nake yi wa ɗalibin da na kama da satar amsa, "wurin nan fa babu hoto. Baƙi ne. A filashinka, da nawa, da na kowa."

Iska ta kaɗa, wani busasshen ganye ya faɗo a kan gwiwarsa, bai kula ba.

"Ashe?" ya ce. Can kuma: "To. Ni dai na gani."

Ya miƙe. Manga ya kai hannu zai kama shi, ya janye kafaɗa. Muka bi shi da kallo yana tafiya a tsaye cak, yatsunsa na hagu suna shafar katangar gidaje ɗaya bayan ɗaya.

"Malam," in ji Maishanu, bai ko dube ni ba, "ai tun azumi muka sani. Sukari ya cinye masa ido. Ka ga wani ya ɗaga maganar?"

Ni ma na sani. Na ga yana zuba shayi a gefen kofi. Na ga sai mutum ya yi magana kafin ya kira sunansa. Sanin nan ne ma ya sa na zaɓi tambayar.

Timoti bai sake zuwa majalisa ba. Damina ta zauna sosai, duwatsun da ke kewaye da gari suka yi kore, kogin Lamurde ya cika har ana zuwa kallonsa daga kan gada. Ni kuwa na canza hanyar masallaci, nake zagawa ta bayan layi don kada in wuce ƙofarsa. Da can, idan matarsa Dinatu ta tafi kasuwa wajen doyarta, nakan jiyo fim ta bayan katanga, harbe-harbe ko waƙar Indiya, da muryarsa yana yi wa jarumi faɗa. Yanzu sai kukan kaji. Matata Bara'atu takan kai masa kunun gyaɗa ta dawo da labari: ƙafafu sun kumbura, an kai shi asibiti, an ce ƙoda ce, an sallamo shi. Kowane labari nakan ce gobe zan shiga. Na tsara jawabin neman gafara a kaina, na gyara shi ya fi sau ashirin, ban kai shi ba.

A kwanakin nan, idan na kishingiɗa bayan azahar, abu ɗaya ke dawo mini. Ina saurayi, sabon malami, na shiga silima karo na farko. Ba rufi, sai sama a buɗe. Daga wata 'yar taga a bayanmu wani dogon haske ya fito ya ratsa saman kawunan mutane, ƙwari suna iyo a cikinsa kamar ƙananan kifaye, har ya je ya fashe a jikin farin bango ya zama dawakai da mata da ruwan sama. Na waiwaya, na hango inuwar kan wani siririn mutum a tagar. Shekaru da yawa bayan haka na gane shi ne ya zama maƙwabcina.

Ranar Litinin ta mako na shida Dinatu ta yi sallama a zaurena. Ta rame, zanenta ya yi mata yawa.

"Malam, Baban Victoria ne ya aiko ni." Da sunan 'yarsu ta fari take kiran sa. "Ya ce wai in ka samu wanda hotonsa bai mutu ba, ka kawo ku duba gyalen. Ni ban san wane gyale ba. Haka dai ya ce."

Na hau keke na zaga shaguna uku kafin in sami kwafi mai kyau. Mai shagon ya ce zai buɗe mini wurin in tabbatar, na ce ya bari.

Ɗakin Timoti yana warin man zafi da dafaffen ganye. Yana kwance a kan farin zanen gado, an tokare masa baya da matasai, ƙafafunsa kamar an hura su. A kan tebur akwai wani faffaɗan gwangwani mai tsatsa, irin wanda ake zuba faifan fim a da, yanzu magunguna ne a ciki. Tun ban yi magana ba ya juyo.

"Hedimasta. Takalminka na dama har yanzu yana kuka."

"Afareta, yaya jiki?"

"Jiki ya gama nasa, saura nawa. Sa mana abin."

Na soka filashin a talabijin, na jawo kujera kusa da gadon. Na buɗe baki na fara: "Timoti, abin da na yi maka a ranar nan..."

"Shsh. Ana fim."

Muka shiga bin fim ɗin. Ba a jima ba ya fara halinsa.

"Wannan yaron bai iya kuka ba. Ji fa, kamar akuya ya ga wuƙa."

"Amma maganar da uban ya yi masa akwai hikima."

"Ka fara ko? Ba shi maki bakwai cikin goma, mu wuce. Waƙan nan kuma ya yi tsawo. A zamanina, in waƙa ya yi tsawo haka, almakashi nake sa masa, ba wanda ya taɓa ganewa."

"Ashe kai ne kake cuce mu."

"Taimakon ku nake yi." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, Dinatu ta leƙo ta ba shi ruwa ta koma.

Sai sarewar ta fara. Na san ta, na san matar ta ɗauki hanyar kogi. Na sauke idona ƙasa, a kan takalmina.

"Hoto yana nan?" ya tambaya.

"Yana nan."

"Ka duba?"

"Tukuna."

"To ga shi a gabanka, Malam. In ka so, duba ka gaya mini na faɗi jarrabawa. In kuma ka so, rufe ido, in haska maka nawa."

Ba zan ɓoye ba, na so in duba. Ɗaga kai ɗaya ne kawai. Wani abu a cikina, wanda ya yi shekara talatin yana riƙe da jan biro, ya ce gaskiya ai gaskiya ce, ko gyalen baƙi ne ko shuɗi. Sai na ji hannunsa yana lalube a bakin gado har ya sami wuyan hannuna. Hannun ba nauyi, sanyi ƙalau. Na rufe ido.

"Yawwa. Ga ta nan yana saukowa," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ba ya sauri, ya saba hanyan. Yashi ya jiƙe, duk inda ya taka ruwa yana cika sawun. Ka ga ciyawa a hagu? Iska yana kwantar da shi. Rana yana bayan dutse, saura kaɗan. Yanzu duba ruwan."

Na duba. Da farko jan duhun fatar ido ne kawai, da ɗigo-ɗigon haske suna yawo. Sannan duhun ya buɗe. Kogin ya shimfiɗu, mai faɗi, ya fi Lamurde faɗi, amma duwatsunmu ne a ƙetarensa. Hasken yana rawa a kan ruwan, yana tashi ya taɓa haɓarta da gefen kumatunta. Ba yarinya ba ce kuma. Akwai furfura a gaban goshinta. Gyalen ya zame daga kafaɗa ɗaya, iska ta cika shi. Can nesa wani ɗan baƙin abu yana motsi, ko kwale-kwale ne ko kututture, ita ma ba ta sani ba. Na ji ƙanshin laka da ɗanyen kifi. Na ji kamar in na waiwaya zan ga 'yar tagar nan, da inuwar kan siririn mutum.

Ban san lokacin da ya daina magana ba. Sarewar ta tsaya, wasu mutane suka shiga gardama a cikin fim ɗin.

"Ka gani?"

"Na gani."

"Wane launi?"

"Ruwan ɗorawa." Duk jawabin da na tsara ya watse, abin da ya rage kaɗan ne. "Timoti, ka yafe mini."

"Na yafe tun kafin in kai gida ranar nan," ya ce. "Na dai ce bari Hedimasta ya ɗan sha wahala. Ban san za ka kai sati shida ba. Ka yi mini asaran fim da yawa, Malam."

Kafin fim ɗin ya ƙare barci ya ɗauke shi, hannunsa yana kan nawa. Na zare a hankali, na kashe talabijin, na jefa filashin cikin gwangwanin magunguna.

Na koma Talata, na koma Laraba, amma bai iya hira ba. Ranar Alhamis da hantsi, ina ba tumaki dusa, na ji Dinatu ta kira sunansa na yanka, wanda ban taɓa jin ta kira ba, sau biyu. Kafin azahar matan zumuntar coci sun cika gidan da waƙa. Aka kai shi ƙauyensu a bayan Zing. Ni da Manga da Maishanu muka bi su a mota ɗaya, ba wanda ya yi maganar fim a hanya.

Sai bayan kwana uku, a ƙarƙashin mangwaro, Maishanu ya yanke zare da haƙori ya ce, "Malam, an ce ka samo mai kyau. Wai gyalen nan, wane launi ne?"

"Ruwan ɗorawa," na ce.

Manga ya dube ni na ɗan lokaci, ya gyaɗa kai, ya ci gaba da jan carbinsa.

Da na koma gida ranar, rana ta yi sanyi. Dinatu ta wanke farin zanen gadon, ta shanya a igiyar da ke bin katangarmu, rabinsa ya leƙo ta wajena. Hasken yamma ya faɗa a kansa, inuwar ganyen gwanda tana kai da kawowa a tsakiya. Na jawo kujera na zauna a gabansa. Bara'atu ta fito da buta, ta tsaya, ta koma ciki. Zanen yana ɗigar da ruwa a ƙasa, iska tana ɗan cika shi tana saki.