Ruwan Siminti

Tankar ruwa ta shigo garin Otuabiri da hantsi, ranar da tsoho Amangala ya cika. Ba don shi ta zo ba. Da rana manya za su aza harsashin gidan tarihi a gindin tsohuwar rijiyar mai, karo na huɗu ke nan. Ukun baya suna nan cikin ciyawa, awaki na kwanciya a kansu.

Mama Izibeya, matar mamacin, ta ɗauki bokiti ta nufi filin rijiyar. Abu ɗaya mijinta ya roƙe ta kafin bakinsa ya rufe: kada a wanke shi da ruwan rafi. Shekara sittin yana sha yana wanka da wannan ruwa mai kyalli kamar miyar da aka cika wa manja. Ya ce ya isa haka, ko sau ɗaya a bar fatarsa ta ji ruwan kirki.

Ai kuwa ya cancanta! Yana saurayi da kansa ya ɗauki bututun rijiyar nan cikin taɓo har ƙugu, lokacin da garin ke da gidan rawa biyu, da injin wuta da ba ya barci, da baƙin da ba a san yarensu ba. Da rijiyar ta ƙafe, kamfani ya naɗe komai, har fitilun titi ya kwance ya tafi da su. Ƙarfen rijiyar kawai ya bari, da kifi mai warin kananzir.

Mai kula da aikin ginin Azibaola ne, ɗan garin, wanda Izibeya ta goya ranar da uwarsa ta kwanta zazzaɓi. Yanzu ga shi da hular kwano fara, yana nuna wa magina da yatsa.

"Ɗana, bokiti biyu nake so. Babanka Amangala ya tafi."

"Ayya, Mama, sannu. Amma ruwan nan na siminti ne."

"To ku kwaɓa da na rafi mana, ga shi can a bayanku."

Wani magini ya yi dariya. "Haba Mama! Wancan ruwan ai ɓata siminti zai yi. Ba ya kamawa."

Izibeya ta ji kamar an watsa mata barkono a ido. Ruwan da ta dafa wa 'ya'yanta abinci da shi, ruwan da ta binne biyu daga cikinsu saboda shi, yau shi ne bai dace da siminti ba!

"Ashe mu cikinmu ya fi bulo ƙwari," in ji ta. "Azibaola, dube ni. Kunyar hular ce ta hana ka ɗago kai?"

"Mama, umarni aka ba ni. Ko ɗigo ɗaya ba ya fita daga filin nan."

"Ba ya fita daga filin?"

"Ba ya fita."

Ta juya ta kama hanyar gida. Bokitin ma a nan ta bar shi.

An kafa rumfuna, an shafa wa ƙarfen rijiya fenti kore har yana ɗiga, an jera kujerun roba. Motocin manya na tsayawa ke nan sai ga Izibeya a gaba, bayanta tsofaffi huɗu ɗauke da ƙyauren ɗaki, Amangala a kai cikin zane. Suka ratsa tsakanin kujeru, suka sauke shi daidai bakin famfon tankar. Mata suka kewaye da zannuwa. Mai lasifika, wanda ya fara yabon jaruman da suka ɗauki bututu a ka, ya sauke lasifikar daga bakinsa.

Azibaola ya taho da gudu, gumi na zuba. "Mama, don Allah! Kin kashe ni! Baƙi na kallo!"

"Su kalla. Ga ɗaya daga cikin jaruman nasu, ba sai sun gina masa ɗaki ba." Ta ɗora hannu a kan famfon. "Ka ce ruwa ba ya fita. To, bai fita ba. Buɗe."

Ya dubi manya. Ya cire hular kwanon, ya murɗa famfon.

Ruwa ya zubo fari tas. Izibeya ta tara hannu biyu ta kai baki kafin tsofaffin su fara wankan gawar, don ta ji abin da za a zuba wa mijinta. Ba wari, ba ɗaci. Sai a lokacin kuka ya ƙwace mata.