Fuskar Dakta Sohail

"Ba inda za shi," in ji Taimur. "Ki ajiye dutsen gugar nan, Baji."

Baji, wato yayarsa Nighat, ba ta ɗago ba. Ta juya farar rigar mahaifinsu, ta danne wuyanta. "Kai ka haife shi, ko shi ya haife ka? Shi 'yan talabijin suka kira, shi ya amsa. Meye naka a ciki?"

"Ke kika ba su lambar gidan."

"Ni na ba su. Je ka kai ƙara wurin 'yan sanda."

"Su sake naɗe masa fuska? Mutumin da ko bene ba ya hawa sai da abin shaƙar asma a hannu? Kina da hankali kuwa?"

"Rage murya, ranka ya daɗe mai gida. Yana jin ka."

Ba ya ji. Kunnen Abba ya yi nauyi tun bara. Yana tsakar gida gaban madubi yana aske gemu, karo na biyu tun safe, yana motsa baki shi kaɗai.

Shirin talabijin na Asibitin Rahat ne ya cika shekara talatin. Kullum bayan azahar ake sa shi, rabin matan Lahore su bar wanki a baho su zauna. Yau duk wanda ka tambaya wane ne Dakta Sohail, zai ce maka Anjum Lodhi. Amma da aka fara, Sarfaraz Butt ne, mahaifin Taimur. A tsohon sito na gidan talabijin ake ɗauka, gado uku, abin awon ƙirji guda ɗaya da likitoci ke karɓa-karɓa. Jini kuwa jan sharba ne, abin sha mai zaƙi, ƙudaje su yi ta bin majinyaci. Majinyatan ma direbobi ne da masu gadi. Ammi, mahaifiyarsu, ce ta ɗinka masa farar rigar likita da kekenta. In ya shiga kasuwa tsofaffi su tare shi suna zaro masa harshe ya duba.

Sai kamfanin sabulu ya ɗauki nauyin shirin. Abba yana da zanzana a kumatu tun yarinta. Ba wanda ya ce masa komai. Aka dai rubuta cewa Dakta Sohail ya yi hatsarin mota. Makonni yana zuwa ana naɗe masa kai da bandeji, ya kwanta ya yi nishi ya dawo gida. Aka ɗauki ranar kwancewa da shi, har aka tafa masa. Bayan ya tafi aka sake ɗauka da wani.

Taimur yana aji uku a lokacin. Ya tuna ɗakinsu cike da maƙwabta har bakin ƙofa, Ammi ta sayo alawar jalebi faranti biyu. Nas tana warware bandeji a hankali, kiɗa yana tashi. Fuskar da ta fito fara ce sumul, ta wani mutum da ba su taɓa gani ba. Wani ya tuntsire da dariya a baya, aka yi masa tsawa. Abba ya miƙe ya ce, "Ku ci jalebin, kada ya huce." Daga nan ya koma sayar da fanka a shagon ɗan'uwansa. Taimur kuwa ya fasa bakin yara da yawa a kan sunan "ɗan bandeji".

Kaset ɗin shekarun farko duk an goge su, an ɗora wasan ƙwallon kurket a kai. Babu fuskar Sarfaraz Butt ko a ina. Shi ya sa yanzu, da za su tuna baya, suke so su sake ɗaukar ranar kwance bandeji.

Abba ya shigo yana goge haɓa. "Puttar, ɗana, wannan karon ni za a buɗe. Yarinyar gidan talabijin ɗin ta faɗa mini da bakinta."

"Wancan karon ma da baki suka faɗa, Abba."

"Me ka ce?"

"Na ce zan raka ku."

Taimur bai buɗe shagonsa na gyaran janareto ba ranar. Su uku suka matsu a riksha, keke mai ƙafa uku, Abba ya rungume leda a cinya. Rigar likitan ce a ciki, ta koma ruwan ƙwai don tsufa. Ya ce zai sa ta bayan an buɗe shi, in 'yan jarida sun nemi hoto.

Asibitin na yanzu ya fi na gaske kyau. Gilasai, na'urori masu ƙyalli, sanyi kamar a firji. Wata yarinya mai waya a kunne, Mehwish, ta tarye su da gudu. "Baba, sannu da zuwa! Ku zauna nan, yanzu-yanzu." Suka zauna har shayin da aka kawo ya yi fata.

Anjum Lodhi ya iso, gashi baƙi wuluk da rini, mutane na biye da shi. Ya buɗe hannu. "Sarwar Sahib, yallaɓai! Tsohon abokina!"

"Sarfaraz," in ji Taimur.

Nighat ta taka masa ƙafa. Abba kuwa sai murmushi yake, an rungume shi, kansa a ƙirjin mutumin. Anjum ya juya ga 'yan jarida, hannunsa a kafaɗar Abba.

"Ku yara ba ku san wahala ba. Da muka fara, gado uku gare mu. Jini kuwa jan sharba! Ƙudaje su hana mu sakat."

Aka yi dariya. Taimur ya san cewa lokacin da Anjum ya zo, kamfanin sabulu ya riga ya sayo musu komai. Bai taɓa ganin sharban nan ba. Abba yana gyaɗa kai kamar an ba shi labarin da bai sani ba.

"Baji, ki ji ɓarawo," ya ce ƙasa-ƙasa. "Har ƙudajen ma ya sace."

"Ka rufe mini baki, don darajar Ammi."

Aka kwantar da Abba a gadon kusurwa. Mai kwalliya ya naɗe shi tun daga haɓa har tsakar ka, ya rufe kunnuwa da idanu, ya bar tsaga wurin hanci da baki. Taimur ya tsaya da leda a hannu ɗaya, abin shaƙa a ɗayan, yana kallon ƙirjin tsohon yana hawa yana sauka. Aka kunna fitilu. Abba ya yi nishi, irin na da sak, har yarinyar da ta fito a nas ta ɗan razana. Yatsunsa suka damƙi zanin gado. Ta kama bakin bandejin, ta warware zagaye ɗaya.

"Yanke! Ya yi kyau. A juya kyamara, gado na biyu."

Fitilun kusurwa suka mutu. A can ɗaya gefen wani saurayi yana zaune a kan gado, rabin kansa a naɗe, yana latsa waya. Fari ne sumul, da hancin Anjum Lodhi.

Taimur ya cim ma Mehwish a bayan kyamara. "Wancan fa?"

"Ɗan Anjum Sahib ne. Shi ne Dakta Sohail yana matashi. Dole fuskar ta yi kama da wadda mutane suka sani, ɗan'uwa."

"Kin ce wa mahaifina shi za a buɗe."

"Cewa na yi yana cikin fitowar. Kuma ga shi a ciki. Hannunsa, nishinsa, komai."

"To me ya sa shi? Mai gadinku ma ai zai iya kwanciya a cikin tsumma!"

"Anjum Sahib ne ya ce a nemo na asali. Jaridu suna son irin wannan." Ta dafe wayar kunnenta. "Sunansa zai fito a ƙarshe, na yi alkawari. Sarwar Butt, ko?"

Bai san lokacin da ya shuri teburin magungunan ƙarya ba. Kwalabe suka tarwatse. "Sau biyu!" ya ce, muryarsa ta cika ɗakin. "Sau biyu, marasa kunya! Tsoho mai asma kuka ɗauko daga gida don ku naɗe shi kamar gawa?"

"A fitar da wannan," in ji darakta, ko waiwayowa bai yi ba.

"Taɓa ni ka gani!"

Anjum Lodhi ya sami abin dubawa a agogonsa. Mai gadi ya matso, ya tsaya. Nighat ta riƙe hannun ƙanenta, idonta ya yi ja.

"Taimur. Kalli Abba."

Yana nan yadda aka bar shi, a duhun kusurwa. Bai ji an ce yanke ba, bai ji kwalabe ba. Yatsunsa na damƙe da zanin gado, yana jira.

Taimur ya je ya kama bakin bandejin ya fizga. Hannun tsohon ya taso ya taɓa nasa.

"A hankali, 'yata," ya raɗa ta tsagar. "Kyamara ba ta son gaggawa."

Taimur ya tsaya. Zai iya faɗa masa yanzu, da ƙarfi, a kunne, su tashi su tafi. Sai ya ajiye leda a gefen gado. Ya shiga warwarewa a hankali, zagaye bayan zagaye, yadda nas ɗin nan ta yi a ɗakinsu ranar jalebi. Goshi ya fito, jiƙe da gumi. Sai idanu a rufe. Sai kumatu da zanzanarsu.

Abba ya ja numfashi. Ya ɗaga hannu ya shafa fuskarsa, daga goshi zuwa haɓa. Da ya yi magana, da wata murya ce da Taimur ya manta yana da ita, cikakkiya, ta kai har ƙarshen ɗakin.

"Sista, ba ni madubi. Ina so in ga abin da ya rage."

Saurayin can ya sauke wayarsa. Mai ɗaukar hoto ya waiwayo, hannunsa a kan kyamarar da ta ba su baya.

Abba ya buɗe ido. Ya ga ɗansa da tulin bandeji a hannu. Ya ga Nighat ta rufe baki da mayafi. Ya ɗaga kai ya dubi fitilun da ke samansa, ya daɗe yana dubansu, sannan ya nemi Mehwish da ido a cikin mutane.

"Sun ɗauka?"