Jan Ƙyallen Harmonikar Baba Milutin

Biserka ta tura akwatin harmonika, abin kiɗan nan mai zugazugi, cikin bas da gwiwa, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen ƙofa, ɗayan tallafe da kan jaririyar da ke ɗaure a ƙirjinta.

"Yau muka yi arba'in," ta ce wa direba tun bai tambaya ba. "Fitarmu ta farko ke nan. Sunanta Anka. Da gashinta ta zo, ka gani? Gobe baftisma."

"Allah ya raya. Wancan kuma ɗan tagwayenta ne?" Ya nuna akwatin da haɓa.

"Wancan marar lafiya ne, asibiti za mu kai shi."

Kafin a kai garin Topola, duk wanda ke cikin bas ɗin ya san Anka tana murmushi cikin barci, ta kwaso hancin ubanta, tana kuma gyatsa kamar ƙaton da ya ci ya ƙoshi. Abu ɗaya ne Biserka ta haɗiye, wato ɓarnar da ta yi wa harmonikar surukinta Baba Milutin.

Shekara uku ke nan Baba Milutin bai taɓa harmonikar nan ba, tun rasuwar matarsa Zorka. Mutumin da a da ba a biki a ƙauyuka bakwai sai da shi. Amma ran da aka kawo Anka gida, ya leƙa fuskarta ya daɗe, sai ya ce kamar da bango yake magana, "Ran baftisma zan ja zugazugi." Daɗi ya hana Biserka zama. Shekaranjiya da tsoho ya tafi kai gayyata gidan kum, wanda zai riƙe yarinya a coci, sai ta sauko da harmonika daga kan sif ta hau goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Da ta kai kan murfin ƙarfen nan mai huji-huji inda kiɗa ke fitowa, jan ƙyallen da ke bayansa ya marmashe kamar ƙonanniyar takarda.

Mijinta Stanko ya shigo ya gani, ya zauna a ƙasa.

"Kin kashe mu, Biserka. Daga gyalen auren Mama aka yanko shi."

A ƙauyensu makaɗi ba ya sa ƙyallen kanti a bakin harmonikarsa, sai na wanda yake ƙauna. Suka rasa dabara, sai suka ɗauko rigar da abokai suka yayyaga a jikin Stanko ranar haihuwa, yadda ake yi wa kowane sabon uba, suka yanki bayanta suka liƙa. Stanko ya ja zugazugi. Abin da ya fito, kamar saniya mai mura ta faɗa rijiya. Ga shi yau da yamma tsoho zai dawo. In ya ga haka ya mayar da harmonika kan sif, to ta zauna ke nan har abada.

Shagon Rade mai gyara yana bayan kasuwa, yana warin gam da gahawa. Ya kwance murfin, ya zaro guntun rigar ya ɗaga shi sama.

"Wa ya yi wannan aikin? Mai facin taya?"

"Ni da mijina, Kawu."

"Kun toshe mata baki, sannan kun ce ta yi waƙa." Ya leƙa cikin harmonikar, ya ɗago. "Ta Milutin ce wannan. Ya sani?"

"Da ya sani za ka gan ni nan da ɗanyen goyo?"

Rade ya kunna kyandir ya kafa a kan tebur. Ya kara guntun rigar a bakinsa ya hura da ƙarfi. Wutar ko gezau ba ta yi ba.

"Haka ubana ya koya mini. Ƙyallen da iska ba ta ratsa ta kashe kyandir ba, kiɗa ma ba zai ratsa ba." Ya janyo wani baƙin yadi mai raga-raga daga aljihun tebur. "Ga nawa, shi kowa ke sawa."

"A'a, Kawu. Na kanti ne. Gara in kai masa ita tsirara."

"To, 'yar ƙauye, kawo naki mu gani."

Ta cire ɗankwalinta, aka hura, wuta ta ɗan rausaya ta miƙe. Ta ba da hankici, bai yi ba. Har bakin siket ɗinta ta kama tana dubawa, Rade ya ce ta rufa masa asiri, matarsa tana shagon da ke kallon nasa. Ana cikin haka Anka ta farka, ta yi miƙa, ta sako tumbuɗi a wuyan uwarta. Biserka ta zaro farin nafkin shara-shara daga jaka tana gogewa, tana cewa, "Ka ga aikinta ke nan, kullum sai ta yi mini ado."

"Mu ga wannan," in ji Rade.

"Nafkin ne fa, Kawu."

"Wankakke ne?"

"Gefen nan dai."

Ya kara gefen a baki ya hura. Kyandir ya mutu murus, hayaƙi ya miƙe siriri. Biserka ta ƙyalƙyale da dariya har jaririya ta firgita.

Rade ya kankare tsohon gam da bakin wuƙa, ya yanka nafkin daidai murfin, ya shafa sabon gam a gefe-gefe kawai, ya ja yadin ya miƙe sumul. Biserka ta fito da akwatin ashana. A ciki akwai ragowar jan ƙyallen, guntu ɗaya bai fi farce ba. Rade ya karɓa ya liƙa shi daga ciki, a kusurwar da ba huji. Ya ɗaura murfi ya ja zugazugi sau biyu. Sautin ya cika shago, har wata mai sayar da cuku ta leƙo.

Da suka sauka daga bas da yamma, Baba Milutin yana zaune a kan benci ƙarƙashin inabi, bai ko cire takalmin tafiya ba. Stanko ya laɓe bayan ragon gobe yana yi kamar yana ba shi ciyawa. Idon tsoho na kan akwatin.

Biserka ta ajiye shi a gabansa, magana ta ƙwace mata. Ta faɗi jiƙaƙƙen tsumma, ta faɗi riga, ta faɗi kyandir da tumbuɗi, duk a numfashi ɗaya. "Baba, ni na yi, ba Stanko ba. Ban san daga gyalen auren Mama aka yanko shi ba. Na ajiye guntu, yana ciki."

Tsoho ya buɗe akwati. Ya shafa murfin da babban yatsa, ya sunkuya ya shinshina farin ƙyallen. Ya daɗe a haka. Biserka ta ga kafaɗunsa suna rawa, ta ɗauka kuka yake. Da ya ɗago, ashe dariya yake, hawaye na bin gashin bakinsa.

"Gyalen aure? 'Yata, Zorka ce za ta bar ni in sa almakashi a gyalenta? Da tun a lokacin an binne ni. Yana nan cikin akwatinta, ko zare bai fita ba."

Stanko ya saki ciyawa ya matso. "To jan fa, Baba?"

"Nafkin ɗinka ne. Uwarka ta haɗa shi a wanki da jar safata."

"Amma kai ka ce mini..."

"Kana shekara goma sha biyar, ka tambaye ni gaban abokanka. Me kake so in ce?"

Biserka ta zauna a bakin benci tana dariya tana share ido da sauran nafkin. Stanko ya ce kada wannan zance ya fita gidan nan. Ta ce ko kaɗan, alhali tana lissafin wa za ta fara gaya wa gobe a ƙofar coci.

Baba Milutin ya zura hannuwansa cikin maɗaurai, ya ɗora harmonika a ƙirji. Yatsunsa suka ɗan yi lalube kafin su gane hanya. Ya fara a hankali, kiɗan rawar da'ira da Zorka ta fi so. Anka ta buɗe ido ta juyo da kai wajen sautin.

"Baba," in ji Biserka, "in ta girma ta tambaya fa?"

Tsoho bai daina kiɗa ba.

"Gyalen aurenki ne," ya ce.