Ƙofarmu a Buɗe Take

Malam ya ɗaure ƙusa ta ƙarshe, ya zura sarƙar a mazauninta, sannan ya ja ƙofar. Ta buɗe kamar faɗin tafin hannu ta tsaya cak. Ya leƙa ta tsagar, ya ga matakalar bene da bangon maƙwabta. Haka yake so. Fuska za ta samu wuri, kafaɗa kuwa sai dai ta haƙura.

"Ɓarayi aka ce sun shigo unguwar?" matarsa Auta ta tambaya daga kicin.

"Rigakafi ya fi magani."

"Tun zuwanmu gidan nan ba ka san rigakafi ba sai yau da gari ke hutu?"

Ya rufe ƙofar ya sake ja, don dai ya ji yadda sarƙar ke miƙewa.

Lissafi Malam yake koyarwa a wata sakandare a ƙasar nan da ba tasu ba. Mutum ne mai haƙuri, irin wanda za a taka wa ƙafa ya ce a yafe masa. Amma haƙurin nan rumbu ne, abin da ya shiga ba ya ruɓewa.

Bara war haka, ranar da aka rufe makaranta don hutun ƙarshen shekara, an yi 'yar walima a ɗakin malamai. Shugaban sashensu, wanda Malam ke kira Mai Sanƙo a cikin zuciyarsa, ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa ya ce, "Ka kawo mana iyali a hutun nan. Ƙofarmu a buɗe take." Ashe a garin nan haka ake rabuwa, kamar dai a ce maka sai an jima. Kowa na faɗa wa kowa, ba mai zuwa gidan kowa. To wa zai gaya wa Malam? A inda ya taso, in babba ya ce ka zo ka ƙi zuwa, raini ne.

Auta a lokacin sabuwar zuwa ce. Ba ta jin harshen garin, ba ta da ƙawa sai taga. Da ya gaya mata an gayyace su, har rawa ta taka a tsakar ɗaki. Ranar babban hutun, da shaguna suka rufe, tituna suka cika da mutane riƙe da ƙunshin kyaututtuka, ta tashi tun asuba ta yi girki, ta cika babban kwanon da mahaifiyarta ta ba ta. Suka sauya bas a hanya, tana rungume da shi a cinya don kada ya huce.

Mai Sanƙo da kansa ya buɗe, sarƙa na jikin ƙofa. Ta bayansa ana jin hayaniyar yara da ƙarar cokula da dariyar manya. Ya dubi Malam, ya dubi Auta, ya dubi kwanon.

"Ba ka kira ba," ya ce. "Yau ta dangi ce."

Sai ya tura ƙofar ya cire sarƙar, ya sake buɗewa. Malam har ya ɗaga ƙafa zai shiga, ashe kwanon mutumin zai karɓa. Ya ce an gode, ya rufe. A bas ɗin dawowa Auta ta juya fuska wajen taga. Hannuwanta na kan cinyarta, inda kwanon ya zauna da safe.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila Malam ya haɗiye. Ina. Ana komawa makaranta Mai Sanƙo ya mayar da shi wasan kwaikwayo. Duk taron malamai sai an ce ya yi, shi kuwa ba ya jan rai. Ya ɗauki littafi ya riƙe da hannu biyu a matsayin kwano, ya washe haƙora, ya karkace wuya yadda wai Auta ta yi. Ɗaki ya kwashe da dariya. Har suna suka laƙaba wa Malam, wai Ƙwanƙwasa. Shi ma yakan yi dariyar, dariyar da ba ta wuce leɓe, domin mutumin ne ke sa hannu a sabunta kwantiraginsa. Bai taɓa gaya wa Auta ba. Kunyar ƙofar ma ta ishe ta.

Sai ga shi bana rana ta juya. Matar Mai Sanƙo ta kwashe yaranta ta bar masa gida, kuma ba wanda bai ji ba. A walimar rufe makaranta ya tsaya gefe da kofi a hannu, ba wanda ya ce ya yi wasan. Malam ya ratsa ɗakin ya dafa kafaɗarsa, a daidai inda aka dafa tasa.

"Ka zo mana ranar babban hutu, mu ci abincin rana. Ƙofarmu a buɗe take."

Idon mutumin ya kaɗa, ya ce ya gode. Malam ya ji wani sanyi ya ratsa shi har ƙafa. A hanyar gida ya biya ya sayi sarƙa.

Yanzu komai ya kammala. Ya sa Auta ta yi girki mai yawa, ya ce marmari yake ji, alhali ƙanshin yake so ya fita ta tsagar ƙofa ya doki hancin baƙo. Ya kunna rediyo, ya nemo tashar da mutane ke ta surutu da dariya. Maganar kuwa ya haddace ta kamar karatun allo. Ba ka kira ba. Yau ta dangi ce.

"Tsohuwar nan da ke hawan ƙasa ta aiko, wai mu sauko mu ci da su," in ji Auta tana goge hannu. "Jikokinta sun zo. Ita dai da gaske take, har kujeru ta aro."

"Ke je ki. Kaina ke ɗan sarawa."

"Ciwon kan da ke son rediyo? In sauka ni kaɗai kamar bazawara, kai kana nan kana gadin ƙofa?"

Ya so ta tafi, don ya san halinta da baƙo. Ta ƙi. Ta ja kujera ta zauna tana kallonsa.

Azahar ta yi, ya yi salla a gurguje kunnensa na bakin ƙofa. Duk takun da ya taso daga ƙasan bene sai ya miƙe ya gyara wuyan riga. Na farko jikokin tsohuwa ne ke tsere. Na biyu maƙwabcin sama ne da ƙunshin kaya. Daga tagarsu ana hango gidajen da ke fuskantarsu, kowane tebur a kewaye da mutane, ana miƙa faranti daga hannu zuwa hannu. Nasu abincin ya huce, mai ya kwanta a samansa. Masu surutun rediyo suka gama dariyarsu aka shiga labarai.

"Malam," in ji Auta, "ni ba yarinya ba ce. Wa muke jira?"

Ya so ya yi ƙarya, yunwa da haushi suka hana shi. Ya faɗa mata duka, gayyatar da sarƙar da maganar da ya tanada, ban da wasan ɗakin malamai. "Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi," ya ƙarasa. "Ina so ya hau benen nan da ƙafarsa, ya ji ƙanshin girkinki, ya sauka da yunwarsa. Abin da ya yi miki ke nan."

Ta dube shi. Ya zaci faɗa za ta yi, ta kawo masa haƙƙin baƙo da tsoron Allah.

"To ai ga shi ya sake shanya ka," ta ce. "Bara a ƙofarsa, bana a cikin gidanka. Kira shi."

Bugu ɗaya aka ɗauka, kamar wayar na hannun mai ita tun safe. Ta bayansa ba yara ba cokula, sai muryar talabijin.

"Muna jiranka fa," in ji Malam, yana danne muryarsa.

Sai da ya duba wayar ko layin ya katse.

"Da gaske kake?" in ji Mai Sanƙo. "Na ɗauka... ai kowa haka ya ce min ranar. Kowa ya ce ƙofarsa a buɗe take." Ya yi gyaran murya. "Wai kun yi girki? Saboda ni?"

Malam ya rufe ido. Kwana da kwanaki yana wasa wuƙa, ashe naman bai ma san an gayyace shi mahauta ba.

"Ina zuwa yanzu," in ji mutumin. "Me zan kawo?"

"Ka ce ya zo min da kwanona," in ji Auta daga kujerarta.

Malam ya isar da saƙon ya kashe wayar. Bai tsaya ya tambayi kansa yadda aka yi ta fahimci tambayar ba. Ya san tana zuwa ajin koyon harshe a ɗakin karatu na unguwa, amma a ganinsa iyakacinta cinikin tumatir.

Ta mayar da tukwane kan wuta. Shi kuma ya koma bakin ƙofa, zuciyarsa ta sake ɗaukar zafi. Ya ma fi daɗi haka. Yanzu mutumin zai zo da rai a buɗe, ya yi wanka, ya tsallako gari. Faɗuwar za ta fi tsawo.

Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa, a hankali, ƙwanƙwasar mai neman alfarma. Malam ya ja ƙofar, sarƙar ta miƙe. Ga Mai Sanƙo cikin kwat, ya yi aski har ya yanke haɓa, ya rungume kwanon da hannu biyu, haƙora a washe, wuya a karkace. Wallahi da a ɗakin malamai ne da an tafa masa. Malam ya ja numfashi, maganar ta hau harshensa tsaf.

"Ba ka..."

Hannun Auta ya wuce ta saman kafaɗarsa ya tura ƙofar ta rufe. Ta zare sarƙar.

"Taka ramuwar ta minti ɗaya ce," ta ce masa da Hausa, ƙasa-ƙasa. "Zai sauka ya ce ashe mu ma irinsa ne, ya kwana da sauƙi a ransa. Matsa min."

Ta buɗe ƙofar har ta bugi bango. Malam ya koma gefe yana huci. Shi ke nan, tausayi ya ci ta. Ya sayi sarƙa, ya huda ƙofar mutane, ya wuni da yunwa, a ƙarshe ga shi yana karɓar kwat ɗin maƙiyinsa yana ratayewa.

Auta ta karɓi kwanonta, ta juya shi ta duba gindinsa, ta ajiye a tsakiyar tebur. Ta ba baƙon kujerar Malam, mai hannu. Ta zuba masa, ta ƙara masa, ta tura masa ruwa kusa. Mutumin ya ci kamar wanda ya kwana biyu bai ga abin ɗumi ba. Yana ci yana magana, wai gidan ya yi masa girma, wai ya kira yaran da safe ba su ɗauka ba, wai bai taɓa sanin akwai mutane irinsu ba. Ya ce wa Malam ya fassara wa uwargida godiyarsa.

"Ba sai ya fassara ba," in ji Auta.

Da harshen garin ta faɗa, a hankali, kowace kalma a mazauninta. Cokalin Malam ya tsaya a hanya.

"Na koya," ta ce. "Da dalili. Wata rana a tashar bas matar malamin kimiyya ta nuna ni ga ƙawarta, suna ta dariya har da share hawaye. Ban ji abin da suke cewa ba. Na riƙe kalmomin a kaina, na kai wa malamar ajinmu ta fassara min. Wai ni ce matar kwano."

Sanƙon mutumin ya fara tsattsafo da gumi. Malam ya sunkuyar da kai. Duk tsawon shekarar nan yana ɓoye mata abin da take kwana da shi.

"An ce ka iya ba da labarinmu," Auta ta ci gaba, ba ta ɗaga murya ba. "An ce duk ranar da ka yi shi sai wani ya riƙe ciki. Masu shara ma sun gani. Ni kaɗai ce ban gani ba, alhali har wuyana kake yi."

"Uwargida, wasa ne kawai, ban..."

"Na sani. Ina son wasa." Ta sa yatsa biyu ta tura kwanon, ya ja jiki a kan tebur har ya taɓa farantinsa. "Ga na gasken, yau ba sai ka ari littafi ba. Tashi ka yi mana. Daga farko, tun daga inda muka ƙwanƙwasa."

Mai Sanƙo ya juya ya dubi Malam, yana neman ceto. Malam ya ajiye cokali, ya jingina da kujera, ya harɗe hannuwa a ƙirji. Lomar da ke bakin mutumin ta ƙi gaba ta ƙi baya.

Auta ta tsiyaya masa ruwa har bakin kofi.

"Haɗiye tukuna," ta ce. "Ba ma sauri, ai hutu ake yi."