Saje Talle Ya Ƙi Kwantawa Ƙasa

Littafina ya tsaya cak, kuma ƙanena Jabir ne ya tsayar da shi.

Labarin soyayya nake rubutawa na zamanin Turawa a nan Ikko. Saje Talle, Bahaushen soja, ya kamu da son Moriamo, Bayarabiya mai sayar da goro. Duk sati nakan saka babi a zaurenmu na WhatsApp, matan Agege su karanta su yi ta tsokaci. Da aka zo neman aure, dangin Moriamo suka ce sai Saje ya yi dobale, wato ya kwanta rubda ciki gaban surukai yadda Yarabawa ke yi. Saje ya ce allambaran. Babi ya bi babi yana nan ƙyam, har wata ta rubuto min, "Anti Zuwaira, wannan Sajen naki mutum ne ko turmi?"

Ta yi gaskiya, haushin ke nan. To taurin kan nan a wurin Jabir na kwafo shi. Shi ma Sikirat yake so, ɗiyar Alhaji Rasaki na Iyana Ipaja, shi ma a kan dobale maganarsu ta cije. Yaron da aka haifa a Agege, Yarabancinsa ya fi Hausarsa santsi, amma wai shi goshinsa na Allah ne kaɗai. Alhaji kuwa ya ce in ba dobale ba, akwai masu neman 'yarsa.

Na same shi a shagonsa ya rame ya yi baƙi.

"Kai, son yarinyar nan kake ko son kanka?"

"Yaya, addini ne fa."

"Na ji, kar ka taɓa addininka. Amma ka taɓa zuwa ka yi wa tsohon nan bayani da bakinka? Ko aike kawai kake yi kamar wani oga?"

Ranar Lahadi na tasa shi gaba muka hau motar danfo zuwa gidan Alhaji, tun da mahaifiyar Sikirat ƙawar cinikina ce, ba wanda zai hana ni shiga gidan.

Alhaji Rasaki na zaune a barandarsa. Jabir ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya cire hula, ya durƙusa a kan siminti da farar shaddarsa. Cikin Yarabanci ya ce, "Baba, kwanciya ce ba zan iya ba, malamaina sun hana ni. Ba raini ba ne. Ban da ita, duk abin da ɗa ke yi wa uba zan yi maka."

Alhaji ya ce, "Ni kafiri ne? Tun ba a haifi ubanka ba nake salla."

A raina na ce shi ke nan, an yi ɓarin. Na san Jabir da zuciya, jira kawai nake ya miƙe ya kaɗe riga. Bai miƙe ba. Ya ƙara sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Ina nan har ka huce."

Sai ga Sikirat ta fito daga ciki. Ba wanda ya kira ta. Ta durƙusa gefensa, gwiwa biyu a ƙasa.

"Baba, in yana nan, ni ma ina nan. Ni na ce masa dole ya kwanta, don in ga ko zai yi saboda ni. Na janye."

Ashe! Wata da watanni ina tsine wa Saje, alhali na bar Moriamo zaune cikin ɗaki tana kuka kamar ba ta da baki. Yaya za a yi namiji ya sauko shi kaɗai, wadda yake saukowa dominta ba ta motsa ba? Daɗi ya kama ni, ga hawaye, ga babi na zuba a kaina, na rasa wanne zan tare.

Alhaji ya daɗe yana kallonsu. Rana ta fara cin barandar, gumi na ɗiga daga gemun Jabir, shi kuwa ko gyara gwiwa bai yi ba.

Can tsohon ya miƙa hannu ya ɗauki hular Jabir daga ƙasa, ya kakkaɓe ta, ya kafa masa a kai.

"'Yata masifaffiya ce, gado ta yi," ya ce, wannan karon da Hausarsa ta kasuwa. "Mai iya jure ni zai iya jure ta. Tashi, ka turo manyanka."